Kwanon Bayan Rumbu

A gidanmu na Sandamu, idan aka kwashe tuwo aka yi magariba, ba mai kashe wutar murhu sai Iya ta gama da ita. Iya kakarmu ce ta wajen uba, tsohuwa 'yar firit mai faɗan tsiya. Haƙoranta huɗu suka rage, amma ba ta yarda a ce gyaɗa ta fi ƙarfinta ba. Takan ja tabarma kusa da murhu, ta tura gyaɗa mai ɓawo cikin toka mai zafi, mu jikoki bakwai mu kewaye ta. Wanda ya miƙa hannu kafin ta ce ta gasu, zai sha marar tuwo a bayan hannu. Ni na fi kowa sha, don tun ina ƙarama ba ni da haƙuri.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran mutane ke yi. Sai ta leƙa ƙofa ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai ba ta wurin zama?" Mu ce mun ba ta, mu mammatsa da gaske, har a bar fili a bakin tabarma.

Ta ba mu tatsuniyoyi ba iyaka, amma akwai ɗaya da muka raina. Wai wata shekara ruwa ya ƙi, yunwa ta shiga daji. Akwai wata tsohuwa a bakin dajin, wadda rumbunta bai ƙare ba. Kullum sai ta dafa ta jera a tsakar gida, namun daji su zo su ci. Kura ta ci har da lasar ƙasa, biri ya cika kumatu ya ɓoye saura a hammata. Iya takan kwaikwayi birin, ta kumbura baki ba haƙora, mu yi ta dariya har ƙaninmu ya ƙware.

Barewa ce kaɗai ba ta shiga. Takan tsaya a bakin danga, haƙarƙari duk a waje, in an kira ta ta ce ta ƙoshi. Kura ta ce girman kai ne, a ƙyale ta. Tsohuwa ta lallasa, ta yi faɗa, duk a banza. Rana ta uku sai ta zuba abinci a kwano ta kai bayan rumbu, ta ce, kamar da kanta take magana, kwanon nan gobe da safe take son shi babu komai a ciki. Ta juya baya ta shige ɗaki. Da gari ya waye ta tarar da kwanon an wanke an kife.

Muka yi ta jiran ci gaba. Yayana Sani ya gaji ya ce sai me kuma?

Iya ta ce, "Sai me? Ta ƙoshi mana."

Sani ya ce wannan ai ba tatsuniya ba ce, barewar ba ta kawo zinariya ba, ba ta rikiɗa ta zama kowa ba, ko godiya ba ta yi ba. Iya ta jefe shi da ɓawon gyaɗa, ta ce ɗan nema, cikin da ya cika bai ishe shi ba? Ta kakkaɓe zane ta ce tatsuniya ta tafi gida, mu ma mu tashi mu ba ta wuri. Muka tashi muna gunaguni.

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Ni ma na yi aure na haifa. Da gwamnati ta fara ciyar da 'yan firamare, aka ɗauke ni cikin masu dafawa a wata makarantar ƙauye kusa da garinmu, aka ba ni 'yan aji ɗaya. Ranar da na fara sauke kula daga kan babur, na ga kura da biri ido da ido. Akwai mai cinye shinkafa da wakensa ya goge baki ya koma ƙarshen layi, akwai mai cusa ƙwai a aljihu ya kai wa ƙanwarsa. Ajin da a da rabinsa ke gudu kafin a yi tara, ya cika maƙil. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba.

Yarinya ɗaya ce ta hana ni sakat. Sunanta Shatu, 'yar rugar da ke bayan ƙauyen, siririya mai manyan idanu. Tun da sanyin safiya take takowa a ƙasa, amma in na zo kanta da ludayi sai ta sunkuyar da kai ta ce ta ƙoshi. Malamar ajin ta ce mini kafin sha ɗaya yarinyar ta kife kai a benci, rannan ma jiri ya kwashe ta a hanyar gida. Mahaifinta ya aiko cewa in boko zai riƙa kayar masa da 'ya, daga makon gobe ta zauna a ruga. Ga ta kuwa ita ta fi kowa gane baƙi a ajin.

Sai na yi abin da na iya, wato faɗa. Na tsayar da ita gaban yara na ce ko abincina ne bai yi mata ba? Na ɗebo cokali na kai mata baki, yara suka kwashe da dariya. Ta dafe baki, hawaye na zuba. Wallahi ranar na koma gida da haushin kaina. An raine ta a gidan da ba a tauna a gaban idon mutane, ni kuma na tara mata idanun aji guda.

Da yamma ina tura itace a murhu, ƙamshin toka ya bugi hancina, sai ga barewar Iya tsaye a bakin danga. Na ce kai, Rabi, ashe ke ce kurar.

Washegari na zuba rabonta a kwanona na gida, na ɗora ƙwai, na kai bayan aji gindin bishiyar bedi. Na dawo ta gabanta ina gyara murfin kula, ban dube ta ba, na ce, "Na bar kwanona a gindin bedi. Kafin a koma aji nake son shi babu komai a ciki." Na juya na ci gaba da rabo. Da aka buga ƙararrawa na zagaya. An wanke kwanon, an kife a kan saiwa.

Haka muka riƙa yi. Makon gobe ya zo ya wuce, Shatu na nan a benci na gaba, ido a buɗe har a tashi. Ba ta taɓa ce mini na gode ba, ni ma ban nema ba. A lokacin na gane ba dafawar ce ta sa Iya ke son tsohuwar nan ba, kowa ya iya dafawa. Juya bayan ne, wanda na kusa shekara arba'in ban koya ba.

Ana gobe hutu, ina harhaɗa kaya, sai ga ta da 'yar ƙwarya rufe da faifai. Ta ajiye a bayan kula. Kindirmo ne, mai kauri, har da curin man shanu a kai. Ta dubi ƙasa ta ce, "Inna, ƙwaryar nan kafin a tashi nake son ta babu komai a ciki."

Ta juya mini baya, ta tsaya tana kallon bango. Na yi dariya har da hawaye, na ce ina ma Sani na nan. Na zauna gindin bedi na shanye tas, na wanke ƙwaryar na kife.