Bangon Ƙara-Kaɗan

Ni na riga kowa gane ta. Yanzu da za ta yi ritaya kowa ya buɗe baki yana yabo, to a rubuta, ni ne na farko. Shekara talatin da biyu ke nan, ina shagona na aski daura da ƙofar asibiti, wata yarinya siririya cikin farar riga ta shigo ta ce, "Baba, ko zan samu guduma da babbar ƙusa?" An ba ta ɗakin motsa gaɓoɓi, ba komai a ciki sai gado ɗaya, tana so ta rataya igiyar da marasa lafiya za su riƙa ja. Na ce wa wanda nake yi wa aski, yarinyar da ta fara aiki da neman guduma, ba kujera ba, a sa mata ido. Mutumin ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma na faɗa. Ban yi makaranta ba, 'yata ce riƙe da biro, sai dai kai dubu nawa ya bi ta hannuna? Na san mutum.

Ƙarfe bakwai ta buɗe taga, ta ɗora ruwan zafi, ta leƙa ƙanƙara a firji, ta feƙe fensir. Mai ciwon kafaɗa zai fuskanci bango ya taka yatsunsa sama kamar gizo-gizo, inda ya tsaya ta ja layi, sannan ta ce masa ya ƙara kaɗan. Daga nan sunan ya bi ta, har manyan likitoci Ƙara-Kaɗan suke kiranta.

Kuma ba kowa take sa wa bango ba. Birkilan da ɗaga bulo ya kumbura masa jijiya, ƙanƙara ta ɗora masa, ta hana shi aiki kwana goma kafin a fara motsi. Telar da ta zo tana dafe kafaɗa, ta ce mata ciwon daga wuya yake saukowa, ta gyara mata zama a kan keke. Wanda ya faɗo daga babur ƙashi ya goce daga gurbinsa, abokansa sun taru za su ja hannun, ta kore su ta tura shi hoto. In jijiya ta tsage sosai ba ta ɓoyewa, sai ta ce wannan na masu tiyata ne. Mai gadin asibitin kansa ya taɓa shigowa da ciwon kafaɗar hagu, yana gumi, ƙirji ya yi masa nauyi. Ko taɓa kafaɗar ba ta yi ba, ta ɗora shi a keken marasa lafiya ta tura shi da gudu wajen likitan zuciya. Yana nan da ransa, ni nake yi masa aski, a tambaye shi.

Sai nawa ya zo. Ni da mota ta kife da ni na fito ina kaɗe riga, ni da shago ya kama wuta na fitar da madubina ko tsagewa bai yi ba, wai kafaɗar dama ce za ta kayar da ni. Mu masu aski, aska in ta gaji naɗe ta muke mu ajiye ta huta. Haka na yi wa hannun, na ɗaure shi a ƙirji da mayafin mai ɗakina wata huɗu. Ranar da na kwance, ya sandare. Hula ma sai an sa mini. Yara suka yi shawara a bayana, babbansu ya zo da ladabi ya ce wani mai sayar da waya yana son shagon, in ba shi mabuɗi in huta. Shekara hamsin ina buɗe ƙofar nan.

Mai ɗakina ce ta tsallaka da ni titi. Ƙara-Kaɗan ta ji labarin mayafin, ta dube ni.

"Baba, titi ɗaya ne fa tsakaninmu. Kafaɗa ba aska ba ce. In ka ɗaure ta, sai ta manta aikinta."

Ta sa aka gwada jinina, ashe sukari ya hau, ta ce shi ma yana sandarar da kafaɗa. Likita ya yi mini allura a gaɓar, ita kuma ta kama ni: gashi da ruwan ɗumi, lilo da hannu, jan igiya, sai bango. Layina na farko daidai haɓata ya tsaya. Ta nuna can sama ta ce, "Ka gane ƙusarka? Ranar da ka taɓa ta na sallame ka." Mai ɗakina tana yaɗa cewa na yi hawaye. Gumi ne.

Wata bakwai. Ranar da yatsana ya ji sanyin ƙusar nan, masu jira a benci suka ɗauki tafi. Da babban ɗana ya dawo kan maganar mabuɗi, na zaunar da shi a kujera na yi masa aski tas da hannun dama. Bai sake ta da zancen ba.

Ƙara-Kaɗan, 'yata, ke ce mai haƙurin layi ɗaya a mako. Ke ce kika mayar wa birkila bulonsa, tela kekenta, ni kuma ƙofata. Ba a taɓa kiran ki an ba ki lambar yabo ba, amma ga bangonki nan, har masu fenti kin hana su shafe shi. Na gode, Allah ya ba ki hutu mai lafiya. Ku da za ku gaji ɗakin, ku gaji fensirin da halin mai shi. Ku kuma masu ciwo, kada wanda ya ɗaure hannu irin nawa.

Wanda yake ganin cika baki nake, ya shiga ɗakin ya nemi layin da ya fi kowane tsawo, ya gwada nasa hannun. In ya kasa kaiwa, ya tsallako shago, ni zan cire masa hula da kaina.