Ustaz Alamin, Mai Tsintar Turanci a Jikin Kwali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Satumban 2025, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Ustaz Alamin Mahmud a gidansa da ke Hillat Sambo, ƙauyenmu na gabas da garin Makwar. Zazzaɓin damina ne ya kwantar da shi kwana shida, a kan ciwon sukarin da ya daɗe yana fama da shi. Shekararsa sittin da takwas. An yi masa sutura kafin magariba, ƙasa na jiƙe da ruwan jiya.

Ustaz, ni ne Nasir, wanda kuka yi shekara goma sha huɗu kuna koyar da Turanci a madrasa ɗaya. Ba zan ce mu abokai ne ba. Ka girme ni da shekara ashirin, kuma yawancin zamanmu a ofishin malamai gardama ce. Abin da na gani da idona shi zan rubuta.

Ranar da na fara aiki na tarar da buhu uku a bayan kujerarka. Na ɗauka takardun jarrabawa ne. Da na leƙa sai na ga kwalayen magani, da ledojin iri, da gwangwanayen maganin feshi da aka wanke, da ɗan littafin injin ban ruwa wanda baƙin mai ya ɓata rabinsa. Na tambaye ka ko shara ce aka manta. Ka ce min: "Wannan shi ne Turancin da ke zuwa garinmu, ya Ustaz. Wancan na littafi bai taɓa tsallako tur'a, magudanar ban ruwan nan tamu, ba."

Da su kake shiga aji. Kakan ɗaga kwali ka sa a karanta, sannan ka tambaya wa ke magana, kuma me yake so a yi. Ka taɓa nuna min wani littafin rubutu inda ka kwafe jimloli sama da ɗari huɗu daga jikin kayan nan, ka ware su gida gida. Fiye da rabinsu umarni ne ko hani: girgiza, ajiye, kada a sha, kada a buɗe. Ka ce Turanci in ya iso Hillat Sambo ba hira yake zuwa yi ba, umarni yake bayarwa, don haka gara mutum ya fara sanin "do not", wato kada, kafin ya san yadda ake tambayar hanyar tashar jirgi a ƙasar da ba zai je ba. Ka kuma nace a kan ƙananan kalmomin da ido ke tsallakewa, irin su "until" da "unless", wato har sai da sai dai in. A ganinka su ne ke raba manomin da ya jira kwana biyu bayan feshi da wanda ya shiga hawasha, wato gonarsa, da matansa washegari.

Ni ban yarda da wannan hanya ba, kuma na sha faɗa maka. Ina bin littafin wizara, wato ma'aikatar ilimi, babi bayan babi. Shekaru da yawa ɗalibaina sun fi naka maki, kai ma ka sani. Mai duba malamai ya taɓa rubuta maka gargaɗi don ya iske kana bayanin darasi da Hausa maimakon Larabci. Ka karɓi takardar, ka ce "kwayyis", wato da kyau, washegari ka ci gaba. Hujjarka ita ce akwai ƙofofin Turanci da Hausa ta fi saurin buɗewa. Misalin da ka fi so shi ne kalmar "an". Mu mukan ce an rufe hanya, an ƙara farashi, ba tare da mun ambaci wanda ya yi ba. Ka ce Bature ma haka yake yi da "was closed", kuma a rubutun duniya na gaskiya ba safai yake faɗin mai aikin ba. Ni kuwa ina koyar da wannan babi yadda ake fitar da shi a jarrabawa: a juya jimla, a liƙa mai aikin a ƙarshe, a ci maki biyu.

A daminar 2024 yaƙi ya iso ɓangarenmu. Muka bar garin, wasu a tarakta, wasu a ƙafa, muka tsallake kogin Dinder muka isa garin Gadarif. Aka sauke mu a wata makaranta, iyali shida a aji ɗaya. Kai da matarka Hajja Muhsina kuka samu gefen baranda. Buhunanka suna can inda ka bar su.

Bayan wata guda wata ƙungiya mai neman waɗanda suka ɓace ta kafa tebur a harabar. Ana cike istimara, wato fom, da Larabci, sannan a taƙaita labarin da Turanci a layi uku don a aika ofishinsu na waje. Aka nemi masu Turanci, na miƙa kaina. Kai ƙafafunka sun kumbura, sai kake zama kusa da ni a kan tabarma kana kallo.

A rana ta uku Bilkisu ta zo, matar Jibirin direban tarakta, maƙwabcinku a ƙauye. Ta ce masu bindiga sun shigo da hantsi, suka fita da shi, ko takalmi bai sa ba. Sannan ta rage murya. "Malam, don Allah kada ka rubuta ko su wa ne. Tsohuwata tana can, ba ta iya tafiya." Layi ya yi tsawo, rana ta take. A kaina jimla irin wannan sai da mai aiki, ga shi an hana ni ambatonsa. Sai na rubuta "he left the house", wato ya bar gida.

Ka miƙo hannu ka karɓi takardar. Ka karanta, ka dubi Bilkisu.

"Ɗiyata, da ƙafarsa ya fita don yana so?"

"A'a, Baba. Jan sa aka yi."

Sai ka juyo gare ni, ba tare da ɗaga murya ba. "Ya Ustaz, mi ka rubuta nan? Wanda ya bar gida da kansa, wa zai neme shi cikin tsararru? Ta ce an ɗauke shi. Rubuta mata abin da ta ce."

Na soke, na rubuta "he was taken". Ka ce in ƙara "has not returned", wato bai dawo ba, don mai karatu ya san har yau ana jira. Babu sunan kowa a takardar, kuma babu ƙarya a cikinta. Daga nan ka sa na ɗauko duk istimarorin da na cike tun ranar farko. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya har la'asar, muka sami guda biyar masu irin wannan kuskure. Ba ka ambata wa kowa ba. Ba ka kuma taɓa tuna min da tsohuwar gardamarmu ba, ko da wasa, alhali ranar ce ka fi kowace rana samun dama.

Ba zan ce jimla ce ta dawo da mutum ba. Allah ne ke dawo da wanda ya so. Abin da na sani shi ne ma'aikaciyar ƙungiyar ta gaya mana daga baya cewa kashi biyu ake raba takardun: na waɗanda suka rabu da iyalinsu a hanya, da na waɗanda aka kama, kuma kowane kashi da inda ake bincikensa. Bayan wata bakwai aka kira Bilkisu, aka ce an ga sunan mijinta a jerin wasu da aka sako a wani gari mai nisa. Ya dawo ya rame, kunnensa ɗaya ba ya ji. A cikin sauran biyar ɗin an sami labarin biyu. Ɗaya yana raye, ɗaya ya rasu a tsare. Uku har yau shiru.

Da muka koma Hillat Sambo mun tarar da madrasa babu ƙofofi, babu kujeru. Ka riga ka yi ritaya, amma kakan zo da sanda ka zauna a ƙarƙashin dalbejiyar bakin aji. Wata rana ka ji ina bayanin darasi da Hausa. Da na fito sai ka ce in rage sauri, na baya ba sa ji. Iyakar abin da ka ce ke nan.

Ranar jana'izarka, da aka je haƙa kabari, Jibirin ya karɓi diga ya hana kowa canjinsa. Aka ce ya huta, ƙarfinsa bai gama dawowa ba. Ko bai ji ba ne, ko ya ji ya ƙi, bai ajiye ta ba sai da ya gama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajja Muhsina, da 'ya'yanka Ilham da Ruƙayya, da ɗanka Khalid da ke aiki a ƙasar waje, wanda labarin bai same shi ba sai bayan kwana uku saboda rashin layin waya. Ina yi wa mutanen Hillat Sambo ta'aziyya, da ɗalibanka da suka warwatsu daga Hasahisa har Damazin, waɗanda da yawansu ba su ji ba tukuna.

Allah ya jiƙanka, Ustaz Alamin. Ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka kabarinka, ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Ya ba iyalinka haƙurin rashinka, ya tsaya musu. Haƙƙinka da ke kaina na tsawon shekarun nan, wanda ban nemi yafiyarsa ba kana da rai, ina roƙon Allah ya sauke min shi. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.