Tsumman da ke Jikin Ɗorawar Inna

Har yanzu idan injin niƙa ya tashi a bayan gidanmu sai na ajiye abin da ke hannuna. Ƙannena suna yi mini dariya. Ni na san ƙarar da nake ji, ba ta niƙa ba ce.

Gabas da ƙauyenmu, kafin a hau hanyar Ƙarfi, akwai filin da muke kira daji, ko da yake ba wani dajin a zo a gani ba ne. Da damina makiyaya ce, da rani wurin itacen girki. Ƙasar ta kowa ce, amma kowace ɗorawa a cikinta da mai ita. Mace takan gaji ɗorawa daga uwarta kamar yadda take gadon tukunya, ta yagi bakin tsohon zanenta ta ɗaura a reshe, ta kewaye gindin da ƙaya. Tsumman nan shi ne katanga, shi ne ɗan sanda. Tun tasowata ban taɓa jin namijin da ya ɗaga gatari a kan ɗorawa mai tsumma ba. Ta Inna ce babba, a gefen rafi. Da kalwarta take yin daddawar da ake aikowa saye har daga Malumfashi, da daddawar nan kuma na gama sakandare.

Wai ƙaramar hukuma ce ke kula da wurin. Kulawar ita ce wani malamin daji mai tumbi, wanda ba a ganinsa sai ɗorawa ta nuna. Ya zo a babur, ya tuɓe takalmi a inuwa, mata su cika masa buhu da kalwa, ya yi mana wa'azi kan illar saran itace, ya ƙara gaba. Ba ma ƙaunarsa, amma mun san iyakar cikinsa.

Bara bayan girbi kansila ya tara maza a ƙofar mai gari, ya ce za a miƙa dajin ga wata hukumar kare daji daga birni. Ba kiwo, ba itace, ba tsinkar komai sai da izini. Ba a kira mace ko ɗaya ba, sai ka ce maza ne ke dafa kalwa. Mu a bakin Kawu muka ji, ƙanin Inna, wanda ba ya zuwa gidanmu sai ya ji ƙamshin kunu.

Yana sha yana yi mana lissafin dokin rano. A cewarsa da dajin namu ne, yanzu ya zama na gwamnati, kayan gwamnati kuwa ba na kowa ba ne, wanda ya riga ɗauka shi ne mai shi. Ƙaramar hukuma ta saki, sabuwar ba ta kama ba tukuna, kuma malamin daji da kansa ya ɗauko masu injin yanka itace daga Funtua. Inna ta ce tsummanta yana nan a wurinsa.

"Yaya, tsumma ba ya hana gwamnati. Gara mu ci da hannunmu da baƙo ya cinye."

"Ka taɓa ta, ka taɓa uwarmu," in ji Inna.

Ya yi murmushi, ya shanye kunun tas, har da lashe ludayi.

Daga nan ƙarar inji ba ta yanke ba. Aka fara da marke da kirya, aka koma kan ɗorawar matan da suka rasu, sannan ta waɗanda mazajensu suka amince a madadinsu. Dattawan da ke rige-rigen sahun gaba su ne ke rige-rigen lodin gungume. Kowa ka tambaya sai ya ce shi bai fara ba, gani ya yi ana yi.

Wata safiya Inna tana fama da zazzaɓi ta aike ni in ƙara ƙaya a gindin tata. Na tarar sun riga ni. Masu inji biyu, da Kawu, da malamin daji zaune a kan babur yana shan rake. Sun watsar da ƙayar, sun riga sun yanke wani ɓangare na gindin. Na tattaro duk Turancin da na koya, na ce wannan karya doka ne, sabuwar hukuma za ta kama su. Malamin ya tofar da tuƙar rake.

"Wace hukuma, 'yammata? Tamu ta tafi, tasu ba ta iso ba. Yau dajin nan maraya ne."

Na je na jingina bayana da itacen, daidai wurin yankan. A raina na ce ɗan'uwan uwata ba zai bari a ci gaba ba ina tsaye.

"Ke 'yar boko, matsa," in ji Kawu.

Ban matsa ba. Ya ɗaga wa mai inji gira, shi kuma ya zaga bayan itacen ya tayar. Na ji rawar injin a ƙashin bayana, har cikin haƙorana. Garin itace yana zuba a kan hijabina. Na ɗauka tsoratarwa ce, har sai da na ji gindin ya yi wata ƙara kamar an karya ƙashi. Na ruga ban san ina na nufa ba. Reshe ya kama hijabin ya maka ni da ƙasa, ganye ya rufe ni.

Da na rarrafo na fito, jini a kafaɗata, malamin daji yana tambaya ko gungumen ya tsage, don tsagagge ba ya yin turmi. Kawu ya matso, abin da ya fara faɗi shi ne kada in ce a gida reshe ya taɓa ni.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta wanke mini ciwon, ta ninke yagaggen hijabin ta ajiye. Da yamma Kawu ya aiko mata da damin rassa, wai rabonta ne. Yana nan a ƙofar gida inda aka sauke shi, gara tana ci.

Ranar miƙawa sai da aka yi hayar rumfa, don babu inuwar da baƙi za su zauna. Suka zo da fararen motoci, suka yi jawabi kan hamada, suka dasa 'yan darbejiya tsakanin kututture, suka shayar da su da ruwan leda ana ɗaukar hoto. Malamin daji ya miƙa amana aka tafa masa. Babu wanda ya tambayi inda itatuwan suka tafi, ga kuwa ramukan gawayi suna hayaƙi a bayan rumfar. Suka ce za su ɗauki masu gadi daga cikin waɗanda suka san dajin sosai. Kawu ne na farko. An ba shi koren kaki da takalmin da ya fi ƙafarsa.

Da ruwa ya sauka, kututturen ɗorawar ya yi toho. Inna ta ce in raka ta. Na bi ta har muka hango rafi, a nan na tsaya. Ta ƙarasa ita kaɗai, ina tsaye daga nesa. Kawu ya tare ta da kakinsa.

"Yaya, an hana ɗaura komai a nan. Dokar hukuma ce."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta sunkuya ta ɗaura tsumma a jikin tohon. Ya tsaya yana waige-waige, yana gyara hula, ya kasa miƙa hannu ya kwance.

Sai da ta dawo ta gaya mini ba zanenta ta yaga ba, hijabin nan nawa ne. Ta ce ita ba za ta ga kalwar wannan ba, yanzu tawa ce, ni zan riƙa ƙara mata ƙaya kafin awaki su gan ta. Na ce to. Damina ta wuce, Inna tana sayen kalwa a kasuwar Dandume, ni kuwa kullum na ɗauki ƙaya na kama hanya, a bakin rafin nan nake tsayawa.