Takardar Naɗe Tsiren Baba

Babanmu mai tsire ne a unguwar Hindawiyya, cikin birnin Jidda. Shagonsa ƙarami ne, ƙofa ɗaya, murhu a bakin ƙofar, benci a gefe. Kakanmu ne ya fara buɗe shi, kuma shi ya kafa wani allon katako a saman ƙofar, mai ɗauke da aya don neman albarka. Hayaƙi ya daɗe da rina allon, har mutane sun daina ɗaga kai su kalle shi. Ni ina kallonsa, don ni dama kallo ne aikina. A gida ana ce min kurma, ba don ba na ji ba, sai don ba na magana, musamman in Baba yana wurin.

Tun da na yi wayo, da farar takarda Baba yake naɗe tsire. Ya zuba nama, ya barbaɗa yajin da Umma ke dakawa, ya ɗora albasa, ya naɗe, ya miƙa. Shi ke nan.

Yayana ne ya ce wannan ba kasuwanci ba ne. Ya gama sakandare a shekarar, kuma Baba ya riga ya yi magana da Kawu cewa zai ɗauke shi aiki a sito, can wajen tashar jiragen ruwa. Yaya ba ya so. Shi zane yake so. Yakan wuni a gaban kwamfuta yana kallon masu koyar da yadda ake fito da ƙaramar sana'a, in an zauna cin abinci sai ya juye mana duk abin da ya ji.

"Baba, launi biyu kawai ake zaɓa, a tsaya a kansu. Mutum ya hango daga nesa ya san kai ne."

"Hayaƙina ake hangowa daga nesa," in ji Baba.

"Kuma takardar naɗi talla ce. Tana shiga gidajen da kai ba za ka taɓa shiga ba. Yanzu wanda ya ci tsirenka a unguwar Sharafiyya, ta yaya zai san na wa ne?"

"Bakinsa zai gaya masa."

Kaka, mahaifiyar Baba, ta yi dariya har ta ƙware. Amma Yaya bai haƙura ba. Ya yi ta naci har wata rana Baba ya ajiye kofin shayi ya ce, "Halas, shi ke nan. Yi min takardar. In ta yi kyau, ka ci gaba da zanenka, ni zan yi wa Kawunka magana. In ba ta yi ba, ka tafi sito, kuma kar in ƙara jin zancen launi a gidan nan."

Ban taɓa ganin Yaya ya duƙufa a kan abu kamar haka ba. Ya zaɓi ja da ruwan ƙasa, wai ja wuta ce, ruwan ƙasa yaji. Ya zana tsinken tsire a cikin da'ira ya ce shi ne tambarinmu. Sai ya ce saura labari, don masu koyarwar sun ce kowace sana'a sai ta nuna tarihinta. Ya je da safe kafin a buɗe shago, ya ɗauki hoton gabansa, ya dusashe hoton sosai har ya zama kamar inuwa, ya shimfiɗa shi a bayan tambarin. Da ya nuna mana a waya, kowa ya ce ya yi kyau. Ni ma na gyaɗa kai. A fuskar waya hoton bai fi tafin hannuna ba.

Ranar da aka kawo kwalayen daga wurin bugawa, gidanmu ya cika da ƙamshin sabuwar takarda. Baba ya zaro ɗaya, ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "To." A bakin Baba wannan babban yabo ne. Aka fara naɗi da ita tun daga yammacin ranar, Yaya yana tsaye a gefen murhu yana ɗaukar hoton hannun duk wanda ya karɓa.

Kwanaki kaɗan bayan haka ina dawowa daga makaranta da azahar. Ni a ƙasa nake kallo in ina tafiya, don haka na san kowane rami a layinmu. Kusa da kantin kusurwa na ga takardarmu a kan kwalta. Tayar mota ta bi ta kanta ta bar shaida. Da farko daɗi na ji, na ce ga tallar Yaya tana yawo. Sai na lura mai ya jiƙa ta, kuma inda man ya taɓa, hoton nan mai kamar inuwa ya fito raɗau. Na ga ƙofar shago. Na ga bencin. A saman ƙofar na ga allon Kakanmu.

Na durƙusa na ɗauka. Na ɗaga ta sama, rana ta ratsa ta. Ayar tana nan, ƙanana-ƙananan haruffa, amma ana karantawa. Sunan Allah yana tsakiya, kuma daidai kansa tayar ta bi.

Ban san lokacin da jakata ta zame daga kafaɗata ba. A gidanmu ko guntun jarida Kaka ta gani a ƙasa sai ta sa an ɗauko ta duba, in akwai sunan Allah ta sumbace ta, ta saka a wata gwangwanin biskit da take ajiyewa a saman kabad. A makaranta akwai akwati na musamman a bakin ofis don tsofaffin littattafan addini. Da wannan aka raine mu. Ga shi mu da hannunmu muna raba wa mutane ayar su jefar.

Na ɗaga kai na dubi layin. Akwai wata a bakin kwata. Akwai wata a gindin babban kwandon shara, mage ta taka ta da ƙafa tana lasa. Wani yaro a kan keke ya bi ta kan wata ya wuce. Na kori magen, na tsince waɗanda na gani, na cusa a aljihun abayata duk da maiƙon, na ruga gida.

Na sami Yaya a ɗaki. Na shimfiɗa takardar a kan tebur na ɗora yatsa. Ya ce, "Meye? Ƙazanta kika kwaso min?" Ban ɗauke yatsan ba. Ya sunkuya. Sai ya buɗe hoton a kwamfuta, ya yi ta ƙara girmansa har allon ya cika fuskar kwamfutar.

"Wallahi ban gani ba," ya ce. "Wallahil azim. Kullum ina wucewa ta ƙarƙashinsa, na manta ma yana nan."

Na ce, "Na sani."

Ya tashi ya rufe ƙofa. "Ji nan, ƙanwata. Ba wanda zai lura. Mai bugawa ma bai lura ba. Ki bari waɗannan su ƙare, in za a sake bugawa sai in cire. Kin san in Baba ya ji, sito zan tafi."

"Na ga mage a kan ɗaya."

"Ke kaɗai ce mai irin idon nan a duk Jidda! Don Allah."

Na fita na bar shi. Abincin rana ya ƙi shiga, Umma ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne. Ni kuwa lissafin da nake yi daban ne: kowane mutum da zai tsaya a gaban murhu yau, takarda ɗaya ce za ta tafi bola. Kuma ina son Yaya. Shi ne yake amsa min tambaya in baƙi sun matsa min in yi magana.

Bayan la'asar Umma ta ba ni robar yaji in kai shago, kamar kullum. Na sami wuta ta kama, mutane sun fara taruwa, Yaya yana gefe ya ƙi haɗa ido da ni. Baba ya gama yanka nama. Sai ya miƙa hannu ya zaro takarda ɗaya daga kwali, ya kai ta bakin wuƙa zai goge maiƙo, kamar yadda ya saba yi da farar takarda.

Na riƙe masa hannu.

Tun da aka haife ni ban taɓa yin haka ba. Baba ya dube ni kamar bango ne ya yi motsi. Na buɗe baki, magana ta ƙi fita. Yatsa kawai na iya ɗorawa a wurin.

"Me ya same ki, 'yata?"

Yaya ne ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Baba, allon Kakanmu ne. Ya fito a hoton. Ayar tana jikin takardar."

Baba ya ajiye wuƙa. Ya ciro tabarau daga aljihu, ya fita daga cikin hayaƙi, ya ɗaga takardar. Sai ya ɗaga kai ya kalli allon na gaske a saman ƙofa, ya sake kallon takardar. Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi faɗan ma da ya fi sauƙi. Salati kawai ya yi, a hankali, sannan ya ce, "Nawa suka fita?"

Yaya ya ce, "Da yawa."

Baba ya juya ga masu jira ya ce yau babu ciniki, su yi haƙuri. Naman da ya gasu ya sa aka zuba a faranti aka kai wa maƙwabta. Ya yayyafa wa garwashi ruwa, ya ja ƙofa, ya ɗauki buhu. "Yalla, mu tafi," ya ce mana.

Haka muka bi layi-layi. Baba, wanda ko rigarsa ba ya yarda ta taɓa bango, shi ne ya naɗe hannun riga yana tona kwandunan shara. Yaya ya shiga cikin wani babba gaba ɗaya, kansa kawai ake gani. Ni ce mai nunawa: ga wata a ƙarƙashin mota, ga wata ta maƙale a waya. Maƙwabcinmu mai ɗinki, wani dattijo Bahaushen Sudan, ya leƙo ya ce, "Alhaji, zinare ya ɓace ne?" Da Baba ya nuna masa, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya shiga ciki ya fito da takarda biyu da ya shimfiɗa a ƙarƙashin kofin shayinsa, ya rufe shago ya biyo mu. Amma bai bar Yaya ya huta ba. "Ɗana, ka ce takardar za ta shiga ko'ina. To ga shi ta shiga, mu ma mun shiga bayanta."

Kafin magariba labari ya zaga. Mata suka riƙa aiko da yara da takardu a ninke. Wani direba ya kawo tasa daga cikin mota, yana ta neman gafara don ya share hannu da ita. Mai shara na unguwarmu, wanda ba ma jin yaren juna, da ya gane abin da ake nema sai ya juye keken shararsa ya taya mu. Duk da haka Baba ya san akwai waɗanda suka tafi Sharafiyya da wasu unguwanni, waɗanda ba za mu taɓa gani ba. Na ji yana faɗa wa liman haka. Liman ya ce ba da gangan aka yi ba, a ƙona masu maiƙon a wuri mai tsabta a binne tokar, sauran kwalayen a kai inda ake tara irin waɗannan takardu.

Washegari da safe muka ƙona su a saman rufin gida, a cikin sabuwar tasa. Kaka ta zauna a kujera tana jan carbi. Hayaƙin ƙamshin tsire yake yi, abin da ya sa na ji kamar in yi kuka.

Baba ya koma farar takarda. Bai yi zancen sito ba, bai yi zancen zane ba, Yaya kuwa bai jira a gaya masa ba. Ya rufe kwamfuta, ya kira Kawu da kansa, ya fara tafiya tashar jiragen ruwa da sassafe. Yana dawowa da ƙura a gira, ba ya yi min magana. Wannan ya fi komai yi min ciwo. Mutane kuma ba su daina kawo takardu ba, ɗaya-ɗaya, har daga nesa. Kowa ya kawo sai ya tsaya ya sayi tsire, ya ɗaga kai ya kalli allon. Baba ya sa tsani ya wanke shi da kansa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune, Baba ya zaro farar takarda daga aljihu ya tura gaban Yaya.

"Mutane suna tambayata tsinken nan na cikin da'ira. Mayar min da shi. Tsinken kawai, da jan nan. Ban da labari."

Yaya ya ɗago. "Baba, sito fa?"

"Ka gama watan, kar mu kunyata Kawunka. Kuma kafin ka kai wa mai bugawa, ka ba wa kurmar nan ta duba."

Da yamma Yaya ya shigo ya ajiye kwamfutar a kan cinyata. Ya ƙara girman zanen har tsinken ya cika fuskar, ya ce, "To, uwar ido, duba." Na duba kowane lungu, har kusurwoyin da babu komai. Na ce masa yankan nama na uku ya fi kama da takalmi. Ya ce ƙarya nake, ya karɓe kwamfutar, ya zauna a gefena yana gyarawa.