Wurin da Dusar Ƙanƙara ta Binne Ɗan Alhaji

Mun tashi daga Harlem ana idar da sallar asuba, sanyi kamar ana yankan kunne da reza. Ni ke tuƙi, Alhaji na gefena, dattijon nan ɗan Maraɗi mai shagon turare a unguwarmu. Bara war haka babban ɗansa ya je hawan dutse da abokan karatunsa can arewacin jihar New York, dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne shi. An kawo gawa, mun yi jana'iza, amma Alhaji ya ce hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya ga wurin da idonsa.

Hanya lafiya lau, an barbaɗa mata gishiri don ƙanƙara ta narke, mai ne kawai ke ƙara tsada duk inda muka tsaya. Kilishin da muka yi guzuri ya sandare. Alhaji ya gwada shi da haƙori, ya ce wannan sai kafinta. Dariyarsa ke nan ta ranar.

A gindin dutsen muka tarar da jagorar da na nema, wata Baturiya marar yawan magana. Ta ɗaura mana takalma masu faɗi kamar faifai, muka yi ta hawa cikin itatuwa, numfashi na daskarewa a gemu. Da muka fito sarari, ga gangaren da abin ya faru fari fat, ko motsi babu.

Ta haƙa rami a dusar ƙanƙarar da shebur har ya kai mata ƙugu, ta nuna mana bangonsa. Saman ya yi tauri kamar daɓe, ƙasan kuwa warwas kamar sukari. Ta ce tsananin sanyi ke mai da shi haka, ya kasa riƙe abin da ke kansa. Ta yanko wani ɓangare ta bubbuga da tafin hannu. Ko ƙarfi ba ta sa ba saman ya sulluɓo.

Ta ce iyakarmu nan. Na fassara wa Alhaji.

"Ɗana, gaya mata ga wurin can ina hangowa. Ni kaɗai zan ƙarasa."

"Alhaji, ta ce nauyin mutum ɗaya ya isa ya taso da gangaren duka."

Ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya durƙusa, ya cire safar hannu, ya damƙi garin nan na ƙasa, ya zurare ta tsakanin yatsunsa.

"Ashe haka cikinsa yake," ya ce. "Shi yaron saman kawai ya gani."

Nan muka ɗaga hannu muka yi wa yaron addu'a, hawaye na daskarewa a gashin idon Alhaji.

Na dawo da sanin cewa juyawa baya ma tafiya ce, in dutse bai yarda ba. Da muka iso gida, Hajiya, mahaifiyar yaron, ta tare mu a bakin ƙofa.

"Kun kai?"

"Ba mu kai ba," in ji Alhaji. "Amma daga yau kar ki ƙara cewa ganganci ya yi."