Jar Ƙasar da Ke Gwiwar Wandonsa

Shekarun baya, lokacin maigidana yana raye, babu abin da ke haɗa mu cacar baki kamar gwiwar wandonsa. Mutum ne mai son farar shadda, amma duk ranar da ya kai motarsa gareji sai ya dawo min da jar ƙasa a gwiwoyi biyu. Ba ya karɓar makulli a hannun makanike sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Ni ce mai wanki, don haka ni ce mai mita. Har suna na sa masa, wai mai gadin salansa. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Malama, ke dai ki wanke. Wata rana kya gane."

Allah ya karɓi abinsa ban gane ba. Da na fita takaba aka yi rabon gado, motar ta faɗo a rabonmu ni da yara. Ina koyarwa a wata firamare a Ajingi, muna zaune a Gaya, kuma shi da kansa ya koya min tuƙi. Da motar nan nake zuwa aiki, da ita nake sauke yara a makaranta, kuma in na shiga cikinta har lokacin ina jin ƙamshin turarensa a kujera.

Wan mijina, wanda muke ce wa Yaya, bai so na riƙe ta ba. Ba mugu ba ne, shi ne ma ya tsaya mana a kan komai. Amma ya ce a sayar a saya wa yara gona a Balan. "Maman yara, mota ba ta mace ba ce," in ji shi. "Ba tuƙin nake ji ba, makanikai nake ji. Za su cinye ta da ɗai-ɗai kina ganinta a tsaye." Na ce ya bar ni in gwada. Ya ce to, za mu gani.

Ba a jima ba kuwa muka gani. Lokacin juye ya yi, wato canjin baƙin mai, sai na kai ta wani gareji kusa da kasuwar Ajingi. A wurinmu mace ba ta zaman gareji cikin maza. Ban da haka, ka tsaya wa mai sana'a a kai yana aiki kamar ka ce masa ɓarawo ne. Don haka na miƙa makulli da safe, na taka zuwa makaranta, sai da aka tashi na dawo. Makaniken ya tare ni da fara'a.

"Hajiya, an yi juye. Kuma na ga salansarki ta toshe, motar ba ta numfashi. Na share miki ita tas. Wannan kyauta ne, saboda marayu."

Jama'a, har ƙwalla na yi. Na yi ta sa masa albarka. Washegari na auno masa kwanon gyaɗa daga wadda aka noma mana, na kai masa da hannuna. Har yau in na tuna gyaɗar nan sai na ji kamar in mari kaina.

Cikin mako guda motar ta canja hali. Muryarta ta yi kauri, wata fitila mai ruwan lemo ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa, hayaƙinta na yaji a ido, mai kuwa tana shan sa kamar an huda tanki. Sai na kai ta wurin wani dattijo mai walda a Gaya, aminin marigayi ne tun suna samari. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Ya daɗe yana dubawa. Da ya fito sai ya ce, "Malama, wa ya taɓa miki salansa? An kwashe indomin."

Na ce ni indomi a tukunya na san shi. Ya ce haka masu gyara ke kiran wani abu mai kama da saƙar zuma da ke cikin tulun salansa, shi ke tace hayaƙi. Akwai wasu ƙarafa masu tsada a jikinsa, shi ya sa ake sayen sa da daraja. Mutum ya yanka tulun, ya kwashe, ya mayar ya liƙe da walda, mai mota ya tafi yana godiya. Ya ce, "Mijinki abin da yake leƙawa ke nan. Sabuwar walda yake dubawa."

Na tsaya riƙe da ƙofar motar. Shekara da shekaru ina yi wa bawan Allah tsiya a kan abin da ya fi ni gaskiya. Kunya ta kama ni, kewarsa ta kama ni, sannan wani irin haushi ya taso min tun daga tafin ƙafa.

Na koma garejin Ajingi. Mutumin ya rantse ya maya, ya ce datti kawai ya cire, kuma wa ya gan shi? Babu wanda ya gan shi, tunda ni da ya kamata in gani ina aji ina koyar da lissafi. Na bar shi da Allah na juyo.

Labari ya kai wa Yaya. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi da dillalin mota, har mutumin ya fara zagaya ta yana bubbuga taya da ƙafa. Na durƙusa na gaishe da Yaya, na ce, "Yaya, ina neman alfarma ɗaya. A ba ni zuwa kaka. In aka sake cire ko ƙusa ɗaya a jikin motar nan ban sani ba, ni da kaina zan kawo maka makulli." Ya dube ni ya ce, "Zuwa kaka fa kika ce." Na ce zuwa kaka.

Na sayar da tumakina biyu. Muka hau bas ni da ƙanwata muka bi dattijon nan zuwa Kano, kasuwar kayan gyara, ya haska tulu bayan tulu da tocila har ya samo mai indominsa lafiyayye. Da muka dawo na ce masa ba ɗaurawa kawai nake so ba, so nake a yi masa keji. Ya yanko rodi ya zagaye tulun da shi, ya liƙe a jikin ƙarfen motar, yadda duk mai son kai wa gare shi sai ya yi aikin da gari zai ji. Ya shafa jan fenti a kan kowace walda, don in an taɓa a gani. Sannan ya tura min kwalin da ƙafa ya ce, "To, Malama, bismilla. Ki gani da idonki. Kuma duk garejin da kika kai ta, ki zauna a wurin har a gama." Na waiga hagu da dama, na tattare hijabi, na durƙusa. Ranar na fara ganin ƙarƙashin motar da na yi shekaru ina hawa. Na ɗauki hoto a waya.

Gwajin ya zo ana gab da cire gyaɗa, kuma ranar kasuwar Ajingi. Bel ɗin inji ya tsinke ina shiga gari, aka tura ni wani gareji daban. Mai garejin ya ce, "Hajiya, ki shiga kasuwa ki yi cefane, kafin ki dawo an gama." Na ce ba ni da cefane. Azahar ta yi, ya ce akwai gida nan baya da zan yi salla cikin mata. Na ce da alwalata, na fito da sallaya na shimfiɗa a gefen motar. Maza suna ta kallona, wani har yana cewa ikon Allah. Kunya kamar ta kashe ni, amma ko taku ɗaya ban matsa ba. Da na sallame mai garejin ya leƙa ƙasa, wai yana neman sifana da ta faɗi. Ya ɗago yana murmushi ya ce, "Hajiya, wa ya yi miki wannan kurkukun?" Na ce wanda ya ba ni shawarar in zauna a nan.

Da ya gama na durƙusa in duba fentina. Ina nan a durƙushe na ji muryar Yaya a kaina. Ya zo sayar da gero, wani ya tsegunta masa.

"Maman yara! Me nake gani haka? A tsakiyar kasuwa, cikin maza?"

Ban tashi ba. Na ce, "Yaya, don Allah ka leƙo."

Sai ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa kusa da ni. Na nuna masa kejin, na nuna masa jan fentin, na buɗe hoton waya ya gwada, babu inda aka taɓa. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya dubi jar ƙasar da ta kama wandonsa, ya dubi wadda ta kama zanina. Muryarsa ta sauya. Ya ce, "Haka shi ma yake yi." Ya juya ya hau babur ɗinsa. Kaka ta zo ta wuce, bai sake kawo maganar dillali ba.

Motar tana nan har gobe, ta tsufa amma da indominta. Abin da na koya shi ne, tsayawa a kan kayanka ba zargin kowa ba ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin a gan shi yana aiki. Kunyar da ta hana ni zama a gareji ba ta tsare min komai ba, gyaɗata ma ta ci.

Yanzu babbar 'yata ce ke yi min wanki. Kwanan baya ta ɗago zanina tana mita, ta ce, "Mama, wai me ya sa kullum gwiwarki da jar ƙasa?" Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na ji maganar babanta ce ke fitowa. Na ce, "Ke dai ki wanke."