Ruwan Alwalar Munkaila

Munkaila mutumin Maraɗi ne, daga wani ƙauye can arewa inda rairayi ke cin gonaki. Ni Bakano ne, sunana Shitu. A Guangzhou muka haɗu a 1997, lokacin da baƙar fata ba su da yawa a garin, in ka hango ɗan'uwanka sai ka tsallaka titi ka gaishe shi. Muka kama ɗaki ɗaya a Panyu. Ni ina sarin wandon jins a Xintang, shi yana neman tocila da batir na kasuwar garinsu.

Dogo ne siriri, ba shi da hayaniya. Abu guda ne ke tayar masa da hankali, ya ga ruwa na zuba a banza. In na bar famfo na ɗiga, sai ya taso ya murɗe ya ce, "Bakano, ku dai ba ku san ƙishi ba."

Wata Lahadi muka shiga bas zuwa can kudu, inda kogi ya haɗu da teku, don duba wani sito. A bakin ruwan akwai tudun rairayi busasshe. Muna tafiya sai na ga Munkaila ya durƙusa. Wani ɗan tsiro ne kwance a yashi, ganyensa mai kauri ruwan toka, furensa shuɗi-shuɗi bai kai farce ba.

"Shitu, zo ka ga hure," in ji shi. "Irinsa ke hitowa bisa tudun garinmu bayan ruwan hwarko. Tun ina ƙarami ya ɓace."

Ban sani ba ko shi ne, ko kama ce kawai. Ban yi masa musu ba, don idonsa ya kawo ruwa. Wata tsohuwa 'yar China da ke gyaran taru a wurin ta nuna mana da hannu cewa da can duk gaɓar nan shi ne, yanzu nan kaɗai ya rage.

Daga nan kowace Lahadi yana can. Nakan tsokane shi in ce, "Ɗan Faransa, a gaida amarya." Yakan ce, "Za ta ji."

Shekara ta zagayo, aka kafa jajayen tutoci a tudun, manyan motoci suka fara juye tsakuwa. Masana'anta za a gina da wurin sauke kaya. Munkaila ya je wurin shugaban ma'aikatan, ya ja shi har gaban tsiron yana cewa, "Lawban, lawban," wato maigida. Mutumin ya duba ƙasa, ya yi dariya, ya miƙa masa taba, ya koma bakin aikinsa.

Da ludayinmu na miya Munkaila ya tono tsiron guda huɗu, ya zuba a gwangwanin fenti, ya ajiye a barandarmu. Ya yi musu abin da uwarsa ke yi wa duk shukar da take so a gida, wato alwala a kansu, kada ɗigo ya tafi a banza. Sau biyar a rana. Ni ma ya hana ni yi a banɗaki, ya zama sau goma. Yashin ma ya ba shi tausayi, ya sayo baƙar ƙasa ya canza musu.

Ganye ya fara rawaya. Ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Uku suka mutu cikin mako uku. Da ya tuge ɗaya, saiwar ta yi baƙi tana wari. Muka ɗauki na ƙarshen muka nemo tsohuwar nan. Ta leƙa gwangwanin, ta karkata shi ruwa ya tsiyaye, ta hau mu da faɗa. Ba mu ji yarenta ba, amma mun gane: abin nan yashi busasshe yake so da iskar gishiri. Muka waiwaya, babu sauran yashin da za a mayar da shi. Bayan kwana biyu shi ma tsiron ya bushe.

A 1999 ciwon hanta ya kwantar da Munkaila a asibiti. Wata safiya ya riƙe hannuna ya ce in je tudun in duba ko akwai tsiron da ya tsira. Na je. Siminti ne shimfiɗe har bakin ruwa, da katanga da maigadi. Tsohuwar ma babu ita.

Na dawo na ce masa na ga guda biyu a bayan katanga. Ya daɗe yana kallona.

"Bakano, kai da ka iya ciniki, ƙarya ta gagare ka." Ya juya fuskarsa bango. "Ashe na hannuna su ne na ƙarshe. Ni na kashe su."

Na ce masa waɗanda suka binne dubbai suna can suna shan shayi. Na faɗa, na sake faɗa, har na ɗaga murya ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Bai juyo ba. Ranar Laraba ya cika, yana neman gafarar Allah a kan tsiro huɗu. Allah ya ji ƙanka, Munkaila. Ni har yau ban iya yafe wa masu simintin nan ba.